Magana a Gaban Jama'a: Abin Koyi Daga Manzo Bulus

Ba fasto kaɗai yake tsayawa a gaban jama'a ba. A kowace ikkilisiya, kafin wata ya ƙare mutane da yawa sukan tashi su yi magana. Dattijo yakan bi da sujada ran da fasto ya yi tafiya. Uwar Zumunta takan gargaɗi mata a ranar taronsu. Malamin makarantar Lahadi yana da ajinsa, shugaban matasa yana da nasa taro. A wurin biki akan ce kawun amarya ya ja wa ango da amarya kunne, a wurin jana'iza kuma akan nemi wani cikin dangi ya ba da tarihin marigayi. Ko maigidan da ya tara iyalinsa da dare domin addu'a, jawabi yake yi, ko da masu jinsa ba su fi biyar ba. Saboda haka wannan zance na kowa ne.

Dukanmu mun taɓa zama a taron da aka yi sa'a guda ana magana, aka tashi ba wanda ya riƙe kome. A hanyar gida in ka tambayi ɗan'uwa abin da aka faɗa, sai ya ce, "Kai, malam ya yi ƙoƙari," amma ya kasa kawo maka ko abu ɗaya. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Akwai tsohuwar da ta tako da sanda daga wata unguwa, akwai mai goyon da ta bar aiki a gida, akwai saurayin da yake tunani ko ya daina zuwa sujada gaba ɗaya. Kowannensu da yunwarsa ya zo. In mai magana ya tashi ya zauna ba su sami abin kaiwa gida ba, mai yiwuwa ne saurayin nan ba zai ƙara dawowa ba.

To, me ke sa maganar wani ta shiga, ta wani kuwa ta bi iska? Waɗansu sukan ce baiwa ce, wanda bai samu ba sai haƙuri. Lalle akwai baiwa. Amma in muka bi littafin Ayyukan Manzanni a hankali, muka duba yadda manzo Bulus ya yi magana a garuruwa dabam dabam, za mu ga abin da kowa zai iya koya. Kafin Bulus ya buɗe baki yakan san mutanen da suke gabansa tukuna, daga inda suke kuma yake farawa.

MUTUMIN DA AKA CE BAI IYA MAGANA BA

Masu jin tsoron tsayawa gaban mutane su fara jin abin da aka faɗa a kan Bulus. Helenawan zamaninsa suna girmama masu iya jawabi ƙwarai, har akwai malaman da ake biya domin su koya wa samari wannan sana'a. A Koranti waɗansu suka auna Bulus da wannan mudu, suka raina shi. Sun yarda wasiƙunsa suna da nauyi, amma suka ce in ya zo da kansa ba shi da kwarjini, bakinsa kuma ba shi da zaƙi (2 Korantiyawa 10:10). Shi ma ya gaya musu a fili cewa sa'ad da ya fara zuwa wurinsu jikinsa na ɓari don tsoro (1 Korantiyawa 2:3). Tun kafin shi, Musa ya kawo hujjar nauyin baki, Irmiya ya kawo ta ƙuruciya, Allah kuwa bai karɓi ko ɗaya ba.

Saboda haka in gabanki yana faɗuwa ran da aka ce ke ce za ki yi magana a Zumunta, ko bakinka ya bushe sa'ad da aka kira sunanka, ba ku ne na fari ba. Tsoro ba shaida ba ce cewa ba a kira mutum ba. Sau da yawa ma mai tsoro ya fi shiri, ya fi addu'a, ya kuma fi saurin zama in ya gama.

GARI UKU, BISHARA ƊAYA

A Antakiya ta Bisidiya (sura 13) Bulus ya shiga majami'ar Yahudawa ran Asabar. Mutanen nan sun tashi da karatun Attaura da littattafan annabawa tun suna yara. Da aka ba shi dama, sai ya miƙe, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya fara da tarihin da suke ƙauna: fitowa daga Masar, shekara 40 a jeji, zamanin mahukunta, Sama'ila, Saul, Dawuda. Sai da ya bi da su ta hanyar da suka sani sarai, sa'an nan ya kai su wurin Yesu, yana kafa hujja da Zabura da annabawa. Da za a tashi suka roƙa a ƙara musu, Asabar ta kewayo kuwa kusan dukan gari ya taru.

A Listira (sura 14) labari ya sha bamban. Mutanen garin matsafa ne, ba su san Musa ba balle Dawuda. Da suka ga an warkar da gurgu, sai suka ɗauka alloli ne suka sauko, suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa, har firist ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. A nan Bulus bai ambaci Masar ko sarakunan Isra'ila ba. Zancen ruwan sama ya yi musu, da damina mai albarka, da abinci, da farin cikin da mutum yake ji in ya ƙoshi, ya ce duk waɗannan shaidar Allah mai rai ne. Da abin da manomi ya sani ya yi wa manomi magana.

A Atina (sura 17), wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, ya tarar da birnin masana da masu son jin sabon abu. Lura da abin da ya yi tun ba a kira shi ya yi jawabi ba. Yana jiran Sila da Timoti, sai ya zaga gari yana duba wuraren tsafinsu yana karanta abin da aka rubuta a kansu, kowace rana kuma yana kasuwa yana muhawara da duk wanda ya samu. Gumakan sun ɓata masa rai ƙwarai, amma da aka kai shi Tudun Arasa bai fara da zagi ba. Ya fara da himmarsu ga ibada, da wani bagade da ya gani wanda suka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Har mawaƙansu ya kawo shaida. Masana sun gano ɗaya daga cikinsu shi ne Aratus, mutumin Kilikiya, ƙasar da Tarsus garin Bulus take, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin shi. Daga nan ya kai su ga tuba, da ranar shari'a, da tashin Yesu daga matattu.

Bishara ɗaya ce a dukan garuruwan nan, ƙofar shiga ce ta bambanta. Mu ma kafin mu ɗauki alƙalami sai mu tambayi kanmu abu uku. Su wane ne za su zauna a gabanmu? Me suka riga suka sani? Me yake damunsu a wannan mako? Maganar da za a yi a ƙauye cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ba daidai take da ta lokacin kaka ba. Taron da rabinsa gwauraye ne ba a yi masa misali da zaman miji da mata daga fari har ƙarshe. Amsar tambayoyin nan kuwa ba a cikin littafi take ba. A wurin gaisuwa ake samunta, da zuwa dubiya, da zama a gindin itace ana hira. Wanda bai saba sauraron mutane ran Laraba ba, da wuya su saurare shi ran Lahadi.

HARSHEN DA MUTANE SUKE JI

A Urushalima taro ya taso wa Bulus zai kashe shi, sojojin Roma suka ƙwace shi da ƙyar. A kan matakalar kagara ya roƙi shugaban sojoji izini da Helenanci, amma da ya juya wajen jama'a sai ya yi musu magana da harshensu na gida, ya kira su 'yan'uwa da iyaye. Luka ya ce da suka ji harshen nan sai suka ƙara yin tsit (22:2). Mutanen da suke neman ransa ɗazu, harshen gida da gaisuwar ladabi suka sa su kasa kunne.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A ƙasar Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi akwai 'yan'uwa waɗanda Hausa ce harshen da suka tsotsa. A Filato, da kudancin Kaduna, da Bauchi, da Gombe, da Adamawa kuwa, masu sujada da Hausa da yawa suna da nasu harshe a gida. Mai magana yana iya ɓatar da su ta hanya biyu. Ta fari ita ce cusa Turanci a kowace jimla, har tsofaffin da suke zaune a gaba su zama baƙi a majami'ar da suka gina da hannunsu. Ta biyu ita ce jera manyan kalmomi, irin su fansa, da barata, da tsarkakewa, ba tare da an tsaya an warware su ba. An sha wahala kafin a sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aka kuma sake fassara shi a 1979, duk domin talaka ya gane. Bai kamata mu mai da abin da aka sauƙaƙe ya koma da wuya ba.

A zamanin Nehemiya, Ezra ya hau dakalin katako ya karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuwa suna bayyana wa jama'a ma'anar abin da aka karanta. Mutane suka koma gida da murna, dalilin murnar kuwa shi ne sun fahimta (Nehemiya 8:12). Bulus ma, da yake zancen magana da harsuna, ya zaɓi kalma 5 da za su koya wa mutane wani abu a kan kalma 10,000 da ba mai ganewa (1 Korantiyawa 14:19). In kuwa da tafinta kake magana, gajarta jimlolinka, ka jira ya gama, ka kuma gaya masa ayoyinka tun kafin ku tashi.

DUBI FUSKOKINSU

Mu koma Listira kaɗan. Yaya Bulus ya san gurgun nan yana da bangaskiya? Yana cikin magana ya zuba masa ido ya gani. Da kansa na sunkuye a kan takarda, da bai gan shi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mu malamai mun san wannan a aji: fuskar yaro takan gaya maka ya ɓace tun kafin ka tambaye shi. In ka ga goshi ya tattare, sake faɗa da wani misali. In ka ga ido ya koma waje, lokacin wucewa gaba ya yi.

A watan Janairu na 1850, a garin Colchester na Ingila, dusar ƙanƙara ta hana wani yaro ɗan shekara 15 kaiwa inda ya nufa, sai ya ratse wata 'yar majami'a. Masu sujada ba su fi 15 ba, mai wa'azin da aka sa bai iso ba. Wani ɗan ikkilisiya marar ilimi mai zurfi ya hau bagade, ya ɗauki Ishaya 45:22, ayar da take kiran mutane su juyo ga Allah domin ceto. Bai fi minti 10 ba abin faɗarsa ya ƙare. Sai ya hangi baƙon yaron, ya dube shi, ya gaya masa ya ga alamar baƙin ciki a fuskarsa, ya ce masa ya dubi Yesu. A ranar yaron ya ba da gaskiya. Shi ne Charles Spurgeon, wanda a 1857 ya yi wa mutum fiye da 23,000 wa'azi a zama ɗaya a London, ba makirufo ba lasifika. Mutumin da Allah ya yi aiki da shi ran nan aya ɗaya ya riƙe, mutum ɗaya kuma ya duba.

Game da murya, yi magana domin wanda yake zaune a layin baya, ka buɗe baki kowace kalma ta fita. In akwai makirufo, ihu ba shi da amfani, gama lasifika ta riga ta ɗauke maka wannan aiki, ihun kuwa sai ya toshe kunne. Ka kuma saba da magana ba tare da shi ba, domin ran da wuta ta ɗauke.

SAURAYIN DA YA FAƊO TA TAGA

A Taruwasa (sura 20) Bulus zai tashi kashegari, sai ya ja magana har tsakar dare. Ɗakin a bene yake, fitilu da yawa suna ci. Wani saurayi mai suna Aftikos yana zaune a kan taga, barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku, aka ɗauke shi matacce. Allah ya yi jinƙai aka mayar da shi da rai. Bulus yana da hujja, gama daren bankwana ne. Duk da haka Luka bai ɓoye mana ba cewa jikin ɗan adam yana da iyaka, ko manzo ne yake magana. Wanda ya wuni a gona, da wadda ta tashi tun asuba ta ɗora tukunya, in suka yi gyangyaɗi ba lalle rashin ruhaniya ba ne.

A 1863, a filin yaƙin Gettysburg na Amurka, wani shahararren mai jawabi, Edward Everett, ya yi wajen sa'a 2 yana magana. Bayansa shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya tashi ya yi wajen minti 2, kalmominsa ba su kai 300 ba. Na Lincoln ne ake tunawa da shi har yau. In an ba ka minti 10, tsaya a kan 10. Wanda ya ce "a ƙarshe" sau uku ya koya wa mutane kada su gaskata shi.

YADDA ZA A SHIRYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da zai taimaki wanda aka ba shi magana:

1. Fara da addu'a domin masu ji, kana kiran sunayen waɗanda ka sani da abin da yake damunsu.

2. Tsai da abu ɗaya da kake so su kai gida. Faɗa wa matarka ko ɗanka a jimla ɗaya. In ba su gane ba, kai ma ba ka gama ganewa ba tukuna.

3. Nemi misali daga abin da suke taɓawa kullum. Ubangijinmu da iri, da yisti, da fitila, da tsabar kuɗin da ta ɓace a ɗaki ya koyar. Amma kada ka yi misali da asirin wani, ko da ka ɓoye sunansa, gama a ƙaramar ikkilisiya kowa zai gane. Magana zarar bunu ce.

4. Rubuta kawunan magana kaɗai a 'yar takarda, domin idonka ya sami damar duban mutane.

5. Gwada faɗa da ƙarfi a ɗaka ko a hanyar gona, da agogo a hannu. Ka san jimlar da za ka fara da ita, da wadda za ka rufe da ita. Gaisuwa wajibi ce, amma a taƙaice. Kada ka fara da cewa ba ka shirya ba.

BA KULLUM ZA A YABA BA

Kada wani ya ɗauka sanin masu ji shi ne faɗa musu abin da suke so. A Atina, da Bulus ya kai ga tashin matattu waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan ne suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris. A Listira jifansa aka yi daga baya. A Urushalima sun saurare shi har ya ambaci aikensa zuwa ga al'ummai, sa'an nan suka tashi da ihu. Ya san kalmar da za ta ɓata musu rai, bai kuwa haɗiye ta ba. Namu shi ne mu tabbata cewa in an ƙi maganarmu, gaskiyar da take ciki aka ƙi, ba duhun bayaninmu ko rashin ladabinmu ba. Buɗe zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Akwai kuma abin da yake magana tun mutum bai tashi ba. Da Bulus yake sallama da dattawan Afisa a Militas, ya tuna musu da shekara 3 da ya yi yana gargaɗinsu da hawaye, ya nuna musu hannuwan da ya yi aiki da su ya ci da kansa. Suka rungume shi suna kuka. Gani ya kori ji. Dattijon da yake zancen haƙuri alhali maƙwabta sun ji abin da ya faru a gidansa jiya, da maigidan da yake koyar da gaskiya alhali yara sun ji ya ce a gaya wa mai bin bashi ba ya nan, duk iya bakinsu ba zai cece su ba.

A FARA DAGA GIDA

Makarantar fari ta wannan aiki ita ce tabarmar addu'ar iyali. A ba yaro aya ya tashi tsaye ya karanta da ƙarfi. A ce wa yarinya ta ba da labarin da aka koya musu a makarantar Lahadi da bakinta. In sun yi tuntuɓe kada a yi musu dariya, kada kuma a karɓe maganar daga bakinsu. Ran Lahadi da rana, bayan an ci abinci, maigida ya tambayi kowa abu ɗaya da ya riƙe daga wa'azi. A wannan wata kuma iyali su karanta surori 13, 14, 17 da 22 na Ayyukan Manzanni, ɗaya kowane mako, su lura da inda Bulus ya fara da inda ya ƙare. Yaran da suka saba da haka su ne dattawa da iyayen Zumunta na gobe.

Ubangiji ya ba mu kunnen jin mutanensa, da bakin da zai gaya musu gaskiya cikin ƙauna. Amin.